Rabo Ake Ce Mashi

Gwaggo Turai ta fara zuwa ofishin ne a satina na uku da kama aiki. Ofishin wani ɗan majalisa ne a Dutsin-Ma, ɗaki biyu da rumfar kwano a gaba, inda mutanen mazaɓa ke kawo kokensu. Kwalejinmu ce ta tura ni can wata huɗu don sanin makamar aiki. Shi mai ofishin yana Abuja, ban taɓa ganinsa ba sai a hoton da ke rataye a bango. Wanda ke riƙe da komai shi ne sakatare, Malam Sabitu, tsohon malamin firamare. Ni kuma aka ba ni tebur a bakin ƙofa da tarin takardun cikawa. Duk wanda ya zo in saurare shi, in rubuta sunansa da garinsa da abin da ke tafe da shi, in miƙa ciki.

Yawancin masu zuwa, ko famfon unguwa ne ya lalace, ko iska ta yaye rufin aji, ko yaro na neman gurbin karatu. Ita ba ɗaya daga cikin waɗannan ne ya kawo ta ba. Ranar kasuwa ce, ta shigo da ƙwaryar daddawa a ka, ta sauke a gefen rumfa, ta cire takalmi tun daga waje ko da yake ba wanda ke cirewa. Doguwa ce siririya, za ta haura sittin. Na nuna mata benci ta ƙi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar teburina.

"Kai ne mai rubutawa?" ta ce.

"Ni ne, Gwaggo."

"To, yau Allah ya ba ni miji mai biro. Dama na gaji da manoma."

Sai da ta sa ni dariya sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Wani yaro ne na gidansu, in ji ta, ya tafi Ikko yana acaɓa. Wata bakwai ke nan ba a ji ɗuriyarsa ba, wayarsa kullum a kashe. Wani mutumin ƙauyensu da ya dawo ya ce ya ga ranar da aka yi kamen masu babura a wata mahaɗa, aka zuba su a mota, kuma ya hango yaron a cikinsu. Bayan wannan ba wanda ya san komai.

Na ɗauki biro na ce, "Yaya sunansa?"

Ta dubi ƙwaryarta ta ce, "Rabo ake ce mashi."

"Sunan mahaifinsa fa?"

"Kowa ya san shi da Maigoro, Allah ya jiƙanshi."

"Ɗanki ne?"

"Haka mutane ke cewa."

Na ɗauka cikin barkwancinta ne. Na rubuta Rabo Maigoro, shekara talatin da uku, na rubuta cewa mahaifiyarsa ce ta kawo koke, na kai ciki. Malam Sabitu ya karanta ya ce akwai wata lauya a Ikko da ke taimaka wa ofishin a irin wannan. Za a aika mata, ita kuma ta bi wuraren da ake tsare mutane ta duba rajistarsu. Ni na buga wasiƙar, shi ya sa hannu.

Daga ranar, duk ranar kasuwa sai Gwaggo Turai ta biyo. Ba ta tambaya ko an samu labari. Takan gaishe ni, ta dubi fuskata, in ta ga ba komai sai ta zauna ta huta kafin ta shiga kasuwa. A waɗannan zaman ne na san tarihinta, kaɗan-kaɗan, don ba mai jero labari ba ce. Takan fara daga tsakiya, ta bari, sai wani satin ta ɗora.

A wajen Shema aka haife ta. Wurin mahaifiyarta ta koyi daddawa, tun ba ta kai ta leƙa cikin tukunya ba. Ta ce kalwa ba ta son gaggawa: a dafa ta wuni guda, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye a bar ta kwana uku ba mai buɗewa. Wanda ya buɗe don ya ga ko ta yi, shi ya ɓata ta. Aure ya kai ta wani ɗan ƙauye gaba da Ɗantutture, gidan wani mai tallar goro da ke yawo kasuwa-kasuwa a kan keke. Ba ta taɓa kiransa da komai ba a gabana sai Malam.

Shekara tara suka yi ba haihuwa. Ta ce ta sha saiwoyi har harshenta ya daina bambance ɗaci da zaƙi. Malam kuwa bai taɓa ɗaga mata murya a kan maganar ba, iyaka in ya dawo kasuwa ya ajiye mata goro ɗaya fari a bakin gado. Da ta zo wurin haihuwar sai ta taƙaita. "Sai aka samu ƙaruwa a gidan," ta ce. "Tsohuwa ta ɗauka ta ce wannan rabo ne." Tsohuwar ita ce uwar mijinta, kuma ita ta karɓi yaron bayan yaye ta raine shi a ɗakinta, a ɗaya gefen tsakar gida. Bayansa an samu mata biyu. Ƙyanda ta ɗauki ɗaya, ɗayar tana aure a can cikin Nijar.

Malam ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Shekara uku ke nan kuma da suka bar ƙauyen, lokacin da zama ya gagara saboda 'yan bindiga. Mutanen ƙauyen suka watse, wasu Katsina, wasu Kano, wasu ba a san inda suka nufa ba. Su suka samu ɗaki a Kurfi, ita da Rabo da matarsa Murja da yara biyu. Gona tana can amma ba ta zuwuwa, shi ya sa Rabo ya tafi kudu.

Duk wannan na ji shi da kunnena, ina gyaɗa kai. Ban lura ba cewa a sati shida ba ta taɓa cewa "ɗana" ba. Kullum "yaron nan" ne, ko "uban yaran".

A sati na shida amsa ta zo. Lauyar ta ce ta je wuri huɗu, ta duba rajista da idonta, babu Rabo Maigoro ko mai kama da shi. Malam Sabitu ya miƙo mini takardar ya ce, "Kai ta saba da kai. Ka lallaɓa."

Da ta zo na faɗa mata. Ta murza bakin zanenta. Can ta ce dama wasu a Kurfi sun fara cewa a haƙura, a yi masa addu'a a raba sadaka, kamar yadda ake wa wanda ya riga mu gidan gaskiya.

"Na ce masu ni ba ni daka gumbar wanda ban ga makwancinshi ba," ta ce. Ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta. Ranar ba ta tsokane ni ba.

Akwai wata mata mai sharar ofishin, Zinariya, wadda ta kusa sa'ar mahaifiyata. Tana goge taga duk lokacin da muke magana. Da Gwaggo ta fita sai ta ajiye tsumman ta zo ta tsaya a kaina.

"Yazidu, wannan Rabon, na nawa ne a ɗakinta?"

"Shi ne babba."

"Ɗan fari ke nan."

"E."

"Kuma ka tambaye ta sunanshi, ta faɗa maka, ka rubuta."

"Ta ce Rabo."

"Ta ce Rabo, ko ta ce Rabo ake ce mashi?"

Na ajiye biron.

"Kai ɗan boko," ta ce, ba da faɗa ba. "Wace uwa ce ta ƙauye za ta buɗe baki ta kama sunan ɗan fari? Ko na miji? A gidanku, Hajiyarku mi take ce ma yayanku?"

Babangida take ce masa. Sai da na shiga aji shida, na ga takardar jarrabawarsa, sannan na san sunansa na yanka. Abin yana cikin gidanmu, na tashi a cikinsa, amma da na zauna bayan tebur da takarda mai layin da aka rubuta "cikakken suna" sai na manta da shi. Gwaggo ba ta ɓoye mini komai ba. Ta faɗi abin da bakinta zai iya ɗauka, ta kuma nuna mini cewa akwai saura. Ni ne ban ji ba. Wanda aka kama kuwa, sunan da ke kan katinsa na ɗan ƙasa za a rubuta, ba wanda kakarsa ta laƙaba masa ba.

Na shiga na gaya wa Malam Sabitu. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Shekara talatin ina ɗaukar yara aji ɗaya," ya ce. "Uwa ta kawo yaro, ka ce sunansa, ta tura maƙwabciya ta faɗa. Na san wannan kamar yunwar cikina. Kuma na sa hannu." Ya mai da tabaran. "Kada ka jira ranar kasuwa. Gobe ka tafi Kurfi."

Da safe na hau motar Kurfi. Ban sha wahalar samun gidan ba, warin kalwa ya kai ni tun daga bakin lungu. Na yi sallama aka ce in shigo. Gwaggo tana gaban murhu tana juya tukunya da muciya. Murja, matar Rabo, tana wanke-wanke, yarinya 'yar shekara biyar tana riƙe da ƙaninta a gefe.

"Ango da kanshi," in ji Gwaggo. "Ba ka aiko ba balle a yi shara." Amma idonta yana kan hannuna, ko na zo da takarda.

Na ga kamar zai fi sauƙi in fara da Murja. Na matsa na gaishe ta, na yi mata bayani a hankali, na ce sunan maigidanta na yanka nake so. Ta saki kwanon da ke hannunta cikin ruwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni? Haba Malam. A gaban Inna?"

"Ko a bayanta."

"Ko a bayanta wallahi ban iyawa."

Na tambayi ko akwai wata takarda tasa a gidan, ta makaranta ko ta asibiti. Sun baro komai a ƙauye. Maƙwabta mutanen Kurfi ne, da Rabo suka san shi. Ƙanwarsa ta Nijar ba su da lambarta, sai in ta kira. Limamin da ya raɗa sunan ya daɗe da rasuwa. Mutum biyu ne kawai a kusa suka san sunan, kuma ga su a gabana, kowacce da dalilin da ya ɗaure mata harshe.

Na koma na tsuguna kusa da murhu. Na ce, "Gwaggo, kuskure na yi. Sunan da na aika ba shi ne a katinsa ba, shi ya sa aka duba ba a gan shi ba. Mai yiwuwa yana ɗaya daga wuraren da aka je. Sati shida na ɓata muku. Ki yafe mini."

Ba ta daina juya tukunyar ba. "Ka tambaya, na ba ka abin da na iya," ta ce. "Ni ma na koma gida ina ta tunani, ko mai biron nan ya gane. Na ce ai ɗan Hausa ne."

Wannan ta fi mini zafi da a ce ta zage ni.

Na ce to ga dabara. Zan riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, in na zo kansa ta ɗaga hannu kawai. Na fara: Abubakar, Usman, Aliyu, Ibrahim. Ban kai na bakwai ba ta tsai da ni.

"Bari, bari. Kana ta kiran mutane kamar ɗan kamasho a tasha."

Ta jingine muciyar. Ta daɗe tana kallon wutar, har na ɗauka maganar ta ƙare. Shekara talatin da uku ba ta furta sunan nan ba, ko a ɗaki ita kaɗai. Ban ga ta inda zan ce mata ta furta shi yau don layin takarda ba, kuma ban ga ta inda za a samu ɗanta in ba ta furta ba. Na zauna kawai.

Sai ta kira jikarta. "Kyauta, aje shi ki zo in ba ki labari."

Yarinyar ta zo ta zauna a cinyarta. Gwaggo ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

"Akwai wani Annabin Allah," ta ce, "da ya yi ta kiran mutanenshi suka ƙi ji. Ranshi ya ɓaci, ya bar garin, ya tafi nesa ya hau jirgin ruwa. Suna tsakiyar teku aka jefa shi ciki. Sai wani babban kifi ya zo ya haɗiye shi."

"Ya cinye shi?" in ji Kyauta.

"Bai cinye shi ba. Ya zauna can ciki, cikin duhu, ba wanda ya san inda yake. Mutane suka ce ya mutu. Shi kuwa yana nan yana ambaton Allah. Har ranar da Allah ya ce ma kifin, mai da shi."

Ta yi gyaran murya. Na zaro biro na rubuta Yunusa a bayan hannuna, don ban so ƙarar buɗe takarda ta katse ta.

"Akwai kuma wani," ta ci gaba, "shi tun yana yaro aka kwantar da shi za a yanka, bai yi gardama ba. Mai haƙuri ne ƙwarai. Sai Allah ya aiko da rago aka fanshe shi." Ta shafa kan yarinyar. "Shi wannan ba ki san shi ba. Ya riga ya tafi kafin a haife ki."

Na rubuta Isma'ila a ƙarƙashin na farko. Ban karanta a fili ba. Na je wurin Murja, wadda ta yi firamare, na miƙa mata bayan hannuna. Ta leƙo ta gefen mayafi ta duba, ta gyaɗa kai sau biyu, hawaye na zubo mata.

"Na rubuta, Gwaggo," na ce.

"To," ta ce, ta ɗauki muciyarta. "Ka tsaya ka sha fura."

A ranar muka sake aika wasiƙa da sunan Yunusa Isma'ila. Kwana goma sha tara muka yi muna jira. Ranar kasuwa biyu ta zo ta zauna ta tafi. A rana ta ashirin lauyar ta kira Malam Sabitu. Ta same shi a wuri na biyu cikin huɗun da ta riga ta je. Yana cikin masu jiran shari'a, wata tara ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa nemansa. Ta ce ya rame, yana tari, amma da ƙafarsa ya fito ya same ta. Ta nemi izini a bar shi ya yi magana da gida a ziyararta ta gaba.

Ranar da aka sa, Gwaggo ta zo da Murja tun kafin mu buɗe. Ba ta ɗauko daddawa ba. Malam Sabitu ya shigo da su ɗakinsa, ya ajiye wayar a kan tebur ya buɗe muryarta yadda kowa zai ji. Wajen sha ɗaya ta yi ƙara. Lauyar ta yi magana kaɗan, sannan muka ji numfashin wani.

"Salamu alaikum," ya ce. "Inna na nan?"

Gwaggo ta juya fuskarta ga bango. Ta miƙo hannu ta kama bakin rigata.

"Ka tambaye shi yana samun abinci."

Na tambaya, ko da yake ya ji ta sarai.

"Ana ba mu," ya ce. "A ce mata ana ba mu."

"Ka ce mashi yara lafiya lau. Ƙaramin ya fara magana."

Na faɗa. Ya yi tari. Sannan ya ce, "A ce mata ta yafe mani. Na sa ta wahala."

"Ka ce mashi bai yi komi ba."

Ban iya maimaita wannan ba, kuma ba a buƙata. Ta saki rigata ta ce wa Murja ta matso ta yi magana da shi, ita kuma ta tashi ta fita. Na hango ta ta taga a ƙarƙashin rumfa, zaune a ƙasa, ta lulluɓe kanta gaba ɗaya, kafaɗunta na motsi. Zinariya ta ajiye tsintsiya ta je ta zauna kusa da ita.

Wata huɗuna suka cika kafin a kai maganar kotu. Na koma makaranta. Malam Sabitu ne ya kira ni bayan wata biyu ya ce alƙali ya sallame shi, don ba a kawo wata tuhuma da za ta riƙe shi ba. Babur ɗin dai ba a same shi ba.

Sau ɗaya na sake ganinta, bayan girbi, a layin masu daddawa a kasuwar Dutsin-Ma. Ita ta fara hango ni. A bayanta akwai wani dogon mutum zaune a kan buhu, wuyansa duk ƙashi, yana riƙe da sanda kamar tsoho. Tarin bai sake shi ba, kuma na ji daga baya cewa har lokacin bai iya aikin ƙarfi.

"Ga wani nan," ta ce, ba tare da ta waiwaya ba, "tun da ya dawo yake cewa a kawo shi ya gaishe ka."

Ya dogara sandar ya miƙe a hankali, ya ba ni hannu biyu. Ita kuma ta juya ga wata mai saye da ke taɓa daddawar tana cewa ta yi ƙanana, suka shiga ciniki.